Rigar Ulu Mai Ƙirjin Auduga

"Bana kuma wace sana'a kaka yi?"

Malam Bube ne ya jefo wannan tambaya daga bakin zaure, yana dogare da sandarsa. Mode ya yi sauri ya rufe littafin da ke hannunsa, ya durƙusa.

"Baba, ina asibitin sha-ka-tafi na Rabah. Ni ka wanke kwalaben magani."

"Kwalabe! Bara kana marina nan Wurno. Kahin nan kana hito da kwalekwale a Goronyo. Taura biyu ba ta taunuwa, kai ga ukku cikin bakinka! Ban ba da ɗiyata ga wanda ba a san inda za a iske shi baɗi ba."

"Baba..." in ji Husainatu.

"Ke, rufe mani baki! Tatsuniyar boko aka ci?"

Husainatu ta sunkuyar da kai kan safar da take gyara. Ita kaɗai ce 'ya mace ga Malam Bube, kuma tun rasuwar mahaifiyarta Inno, ita ce idon tsohon, don nasa sun fara dushewa. Wurin matar wani akawu ta koyi saƙa. Duk ɗan doka ko malamin ofis da diddigen safarsa ya ɓule, ko gwiwar hannun rigar sanyinsa ta zare, gidansu yake aikowa. Ulu kuwa ba a sayar da shi a kasuwar Wurno. Sai dai ta warware tsohuwar safa ta ɗinke ramin wata.

Kowace Juma'a da la'asar Mode kan tako daga Rabah. Ita tana saƙa, shi yana karanta mata littafin labari da ya samo hannun wani masinja. In aka zo wurin baƙin ciki sai allurarta ta tsaya.

"Sai mi ya faru, Mode?"

"Sai kin gama layin nan, hasken idona."

"Kai dai mugu ne, aradu!"

Ana haka yaƙin Turawa ya yi zafi. Gab da faɗuwar damina aka yi shela cewa kowane gari zai ba da mazaje, a kai su haƙar kuza ƙasar Jos na wata huɗu. Ba shawara ba ce, dole ce. Cikin sunayen da mai unguwa ya kira har da Isa, yayan Husainatu. Shi kaɗai ke riƙe da gonar gero da fadamar albasar gidan.

In Isa ya tafi da damina, to bana babu rumbu.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kashegari da hantsi sai ga Mode.

"Baba, na je wurin mai unguwa. Ƙato guda suka so, ba ruwansu da suna. An cire Isa, an sa ni."

Tsoho ya ɗago kai. "Don mi?"

"Kun ce ban da wurin zama. To wanda bai da gona shi ya dace da tahiya. In na komo, sai ku sake dubana."

Malam Bube ya ce, "In ka komo, Husainatu taka ce."

Ita kuwa da ta sami Mode a soro, kuka ta fashe da shi.

"Wa ya aike ka? Wa ya ce ka sai da ranka don ni?"

"Haba masoyiyata, wata huɗu ne fa. Sana'a ta huɗu ke nan, Baba shi samu abin ƙirgawa!"

"Kana dariya? An ce sanyin can na kashe mutum!"

"Ina da mai saƙa, mi zan ji tsoro?"

Kwana uku suka rage. Husainatu ta ciro wata tsohuwar rigar ulu da matar akawu ta bar mata. Asu ya cinye ƙirjinta ƙaƙaf, hannuwa duk ramuka. Ta warware duk wata safa da ta tara, ta cike hannuwa da wuya da baya. Da ta iso ƙirji, ulu ya ƙare.

Sai ta buɗe adudun Inno. Akwai abawa da marigayiya ta kaɗa da hannunta, auduga zalla, rinanniya da shuɗin baba. Ta ninka ta biyu, ta saƙe ƙirjin da ita tam, har yatsunta suka yi kanta. A ƙasarmu, abin da muka sani shi ne kauri ke kawo ɗumi. Sanyinmu busasshe ne, gwado ke maganinsa. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai sanyin da ke tafe tare da ruwa.

Ranar tafiya Mode ya saka rigar a tsakiyar zafi, yana zufa yana murmushi.

"Nan ya hi ko'ina kauri," ya ce, yana dukan ƙirji.

"Zaren Inno ne. Kada ka cire ta, ka ji? Yi mani alkawari."

"Na yi."

Ya tsinki guntun abawar da ya rage, ya sa a tsakiyar littafin. "Ganye bakwai sunka saura. Ban karanta su sai gabanki."

Damina ta sauka, Isa ya yi noma, gero ya yi kyau. Husainatu na gyaran safa, kunnenta na bakin ƙofa. In Juma'a ta zo sai ta shimfiɗa tabarma biyu a soro, sannan ta tuna, ta naɗe ɗaya.

Wata huɗu ya cika, na biyar ya kama. Wata safiya aka yi sallama. Wani ramamme ne, Ƙasimu mutumin Lahodu, wanda aka ɗiba tare da Mode. Ƙunshi ne a hannunsa. Tun kafin ya buɗe baki Husainatu ta hango shuɗin abawa ta gefen ƙunshin, ta gane rigar Mode ce.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" in ji Malam Bube. "Yaushe?"

"Saura kwana tara a sallame mu, Baba. Ciwon haƙarƙari ne."

"Bai sa rigar ba?" Husainatu ta tambaya. "Malam Ƙasimu, don Allah, bai sa ta ba?"

"Sa ta? Ai bai taɓa tuɓe ta ba! Can ruwa aka yi kullum, muna cikin rami. Hannuwan rigar da bayanta ko sun jiƙe suna riƙe ɗumi. Amma ƙirjin nan, in ya sha ruwa, yini yaka yi sharkaf, sanyi kamar randa. Munka ce, Mode cire ta ta bushe. Yac ce a'a, hannun Husainatu ne, kuma ya yi alkawari..."

Bawan Allah bai san abin da ya faɗa ba. Yabo ya zo yi.

Husainatu ta ɗora tafin hannu kan ƙirjin rigar. Saƙar tana nan tam, ko zare ɗaya bai zare ba. Aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarta ke nan.

"Ni ce..." ta ce. "Baba, ni na saƙa mashi!"

"A'a, ɗiyata." Tsohon ya dafa kafaɗarta. "Ke rashin sani ne, wanda ya hi dare duhu. Ni da bakina na tura shi. Na tsaya ƙirga sana'o'inai, ban ƙirga mutumin ba."

Da na sani ƙeya ce, a baya take. Suka yi kuka su biyu har Ƙasimu ya tashi ya ba su wuri.

Cikin ƙunshin har da littafin. Ruwa ya kumbura shi, gefensa ya yi baƙi don yawan juyawa. Amma ganye bakwai na ƙarshe farare ne tas, guntun abawa na nan inda aka bar shi.

Bayan sadakar bakwai Isa ya ce, "Kawo in kai wa akawu shi karanta maki ƙarshen."

"Bar shi, Yaya."

"Ba ki son jin yadda ta ƙare?"

"Yac ce sai gabana zai karanta. Ni ma ban ji daga bakin wani."

Ranar Juma'a da la'asar ta fito soro da rigar. Ta kama bakin abawar ta fara warwarewa, layi bayan layi. Malam Bube ya laluba ya zauna kan tabarma ta biyu, ya miƙa mata hannuwansa biyu ba tare da ta roƙa ba. Ta riƙa naɗe zaren a kansu, shi ko yana riƙe, hawaye na bin gemunsa.