Man Shanun Inna

Mardiyya ta buɗe kwanon mijinta, ta tarar da tuwon yadda ta zuba shi. Kwana tara ke nan!

"Lirwanu, gidan wa kake cin abinci?"

"Mi ya kawo wagga magana kuma? Na ƙoshi ne."

Tun da ciwon zuciya ya kayar da shi a kasuwar Gummi take yi masa miya ba mai, gishiri ɗan kaɗan, kamar yadda likita ta ce. Ita ta yi jinya, ita ta rame. Yanzu da ya murmure sai ya riƙa dawowa da la'asar, baki na ƙyalli, riga na ƙamshin man shanu. Kishi ya hana ta sakat. Wace mai tsautsayin ce ke dafa wa mijinta?

Ranar awon jini mahaifiyarsa, Inna Iyatu, ta ce ƙafarta ƙafarsu, ta ga masu zuƙe mata jinin ɗa.

Likita ta duba takarda, ta ɓata rai.

"Awon nan shi ke nuna mana hatsarin da ke gaba. Wancan karon kitsen jininsa ya sauka, yanzu ya hau. In aka ci gaba haka ciwon zai iya dawowa, kuma ba lallai ya tashi ba. Mardiyya, me kike ba shi?"

Mardiyya ta buɗe baki za ta tona shi, sai ta ga Lirwanu na satar kallon uwarsa. Nan take ta gane.

"Laifina ne, likita. Zan gyara."

Suna fita Inna ta fashe da kuka.

"Ni ce! Mu da man shanu muka saba tada majinyaci. Na ga kin amshe min ɗa, komi sai ke, raina ya ɓaci. Ashe kashe shi nike! Don mi kinka rufa min asiri?"

"Inna, ni ma kishin nike. Na zaci budurwa ya yi."

"Budurwa 'yar shekara saba'in?" in ji Lirwanu.

Suka yi dariya, hawaye na zuba.

Daga ranar Inna ke yi masa abincin rana, Mardiyya na gefe tana auna mata gishiri. Bayan wata uku awo ya nuna kitsen ya sauka. Da Mardiyya ta biye wa zuciya a gaban likita, da ta yi nasarar magana ta rasa uwa. Haƙuri ya bar mata miji da uwar duka.