Gudun Mudi

Ku matso. Ke Jummala, daina kaɗa ƙafar nan, kina tayar mini da tsigar jiki.

Kun san mutumin nan mai gudu bayan jami'a duk magariba? Mudi ke nan. Ba motsa jiki yake yi ba.

A da shi ke kula da ɓerayen da likitoci ke bincike a kansu. Aikin ba daɗin ji. Kullum da la'asar sai ya kwashe jariran ɓerayen daga gun uwarsu, ya ajiye ƙarƙashin ƙwan lantarki don ɗumi, kafin magariba ya mayar. Wai don su tashi a firgice, kamar yaron da ya sha wuya tun yana goye. In sun girma, wasu a ɗiga musu maganin damuwa a ruwan sha, wasu a sa musu 'yar taya su yi ta gudu a ciki, a ga wanne ya fi kwantar da hankali.

Ranar sunan 'yarsa ta fari, ya kwashe jariran, ya ce bari ya leƙa gida. Baƙi suka riƙe shi. Can ɗakin ɓerayen kuma aka ɗauke wuta.

Da almuru ya dawo hankali a tashe. Tun daga ƙofa yake jin ƙi-ƙi-ƙi. Ya haska tocila. Tayoyin nan duk juyawa suke, ba ɓera ko ɗaya a ciki.

A ƙasa ga wata tsohuwa zaune, ta ba shi baya, tana jijjiga wani abu a cinya. Ya yi sallama, ba ta amsa ba. Hasken ya sauka kan ƙafafunta. Jajaye, tsirara, yatsun dogaye, da 'yan farce masu tsini.

"Ɗaya ya yi sanyi a hannuna," in ji ta. Muryar siririya, kamar kukan tayar.

Mudi ya shiga rantse-rantse, wai umarni ake ba shi, wai mantuwa ce. Ta tambaye shi wane suna aka raɗa wa tasa jaririyar yau. Ba ta jira amsarsa ba. Ita ta faɗa masa sunan.

"Magani biyu kuke ba nawa," ta ce. "Na ruwan sha ba zai yi wa taka ba. Saura gudu."

Bai san yadda aka yi ya fita ba. A gida ya tarar mata sun yi cirko-cirko. Jaririyar ta ƙi nono tun magariba, jikinta sanyi ƙalau, ido a buɗe, ko kuka babu. Tsoro ya kama shi sosai. Ya zabura zai nemo mai magani, yana kaiwa bakin layi a guje sai ya ji ta tsala kuka. Ya tsaya. Shiru. Ya sake zabura, kukan ya dawo.

Nan ya gane.

Yarinyar yanzu har ta isa talla, kuma Mudi bai taɓa fashi ba, ko ana ruwa. Gwiwoyinsa sun tafi, furfura ta fito. Matarsa ta ce shekaranjiya sau biyu ya faɗi, kuma duk faɗuwa sai yarinyar ta saki kwano, ta yi tsaye ƙiƙam.

Don haka kada wanda ya bi hanyar nan shi kaɗai da almuru. In kuwa kun ji taku a bayanku, ku kauce. Kada ku gaishe shi, Mudi mutum ne mai kunya, zai iya tsayawa ya amsa.