Ranar da Iska Ta Ɗauke a Tiga

Tas!

Ban ko ɗago kai daga keken ɗinki ba marin ya sauka a kuncina. Na kife gefe, kujera ta biyo ni, na ji gishirin jini a bakina.

"Wa ya ba ɗan Faggen nan buhunan Papa?"

Yayana Ifeanyi ne, wanda nake kira Dede, wato yaya da yarenmu na Ibo, tsaye a kaina, idanunsa jajur, yana huci.

"Dede... wane buhu kuma?"

"Adaeze, kada ki raina min hankali! Da idona na gan su a ɗinke, shanye a kan katanga a unguwar Kwaciri, ga tambarin shagonmu ɓaro-ɓaro! Duk Sabon Gari wa ke irin wannan ɗinkin in ba ke ba?"

Nan na san asirina ya tonu, kuma wautata ce ta tona shi. Papa, wato Boniface mai fulawa a Kasuwar Singa, ba ya barin buhu ya fita daga shagonsa sai ya buga masa tambari da shuɗiyar tawada. Buhu tara na kwashe na haɗa, na ɗinka wa Ari zanen da iska ke tura kwale-kwalensa da shi. Fulawa ta fita tas, amma tawadar Papa ta fi ƙarfin sabulu. Ni kuwa so ya rufe min ido, na ce wa zai lura.

Ari kafinta ne, Babarbare haifaffen Fagge. Teburin kekena ya zo gyarawa, aikin yini ɗaya ya ja shi har sati biyu, ni ma kullum sai na samo wata ƙusa da ke rawa. Kakansa masunci ne daga Baga, shi ya sa ruwa ke kiransa duk da a busasshen gari ya tashi. Da aka gama madatsar Tiga ya ga wani siririn jirgi wurin wani Bature, ya dawo gida ya ƙera nasa: dogo, marar nauyi, rufe ta sama, da ramin zama biyu rak.

Ranakun Lahadi nakan ce zan je wurin ƙawata, mu ɗora shi a bayan a-kori-kurar masu kifi mu tafi. In akwai iska, ya kafa sanda ya ɗaura zanena, mu zauna kamar masu gari ruwa na wucewa. In ta ɗauke, ya naɗe zane ya miƙo min itacen tuƙi mai baki biyu.

"Tuƙa, gimbiyata. Wannan jirgin ba ya jiran kowa, har da iska."

Ni na fi son ranar da babu iskar. Tafki ya kwanta lumui, ka ga fuskarka a ciki, ka ji kifi ya yi tsalle can nesa. A irin wannan shirun ya fara ce min yana sona, kuma a nan na koyi tuƙi har tafukana suka yi kanta.

"Zo mu je, Ifeanyi, ɓata lokaci kake."

Muryar Sylvester ce daga bakin ƙofa. Ɗan kwangila ne da arzikin mai ya tashe shi dare ɗaya, ga sabuwar Fijo, ga zoben zinare a kowane yatsa. Sau uku yana neman aurena, sau uku ina ce masa a'a, amma shi kunnensa ba ya jin wannan kalmar. Shi ya kai Ifeanyi Kwaciri ya nuna masa zanen.

Na bi motarsu da gudu ba takalmi, tun daga Sabon Gari har Fagge.

Ko da na isa sun riga sun lakaɗa masa duka. Ari na kwance cikin ɓurɓushin katako a ƙofar shagonsa, fuskarsa jina-jina. Sylvester ya take masa wuyan hannu da takalmi, Ifeanyi ya ɗaga ƙarfen kwance taya.

"Dede, kada! Don Allah!"

Ƙarfen ya sauka.

Na ji ƙarar ƙashin, har yau ina jin ta.

"Ka sake kallon ƙanwata, wuyanka zan karya!"

Maƙwabta suka fito da sanduna, su biyun suka faɗa mota, suka ja ni ciki da gashina. Ta taga na hango mahaifiyar Ari, Ya Gumsu, ta rungume kansa tana kuka.

"Na faɗa maka ka rabu da 'yar mutanen nan! Na faɗa maka, Ari!"

Ba zan ce Ifeanyi mugu aka haife shi ba. Shi ya goya ni ina ƙarama. Amma tun tarzomar sittin da shida da ta ci babban yayanmu Okechukwu, wani abu ya daskare a ƙirjinsa, har muka je gida muka dawo bayan yaƙi bai narke ba. Na san haka, kuma duk da haka na tsane shi a ranar.

Papa bai dake ni ba. Zama ya yi ya ce ranar Litinin ta ƙarshen watan gobe zan hau jirgin ƙasa in koma wurin gwaggona a Aba.

Sati biyar ina tsare. Lahadin ƙarshe, ana tashi daga coci, na sulale ta ƙofar baya.

Ari na jirana, hannunsa na dama ɗaure da karan ɗori. Allah ya so ranar da suka zo jirgin yana cikin gida, ba su gan shi ba.

"Gobe zan tafi, Ari..."

"Gobe ta Allah ce, masoyiyata. Yau dai kai ni ruwa."

Da azahar muka shiga tafki. Ko ganye ba ya motsi. Zanen na rataye a sanda kamar wanki, ni ke tuƙi a hankali, shi yana bayana yana rera min waƙar Barbarci da ban san ma'anarta ba. Hawaye na zuba, ban share ba.

Ruwa in ya kwanta yakan kawo murya daga nesa. Shi ya sa na ji ihun wani masunci daga gaɓa sarai.

"Ku bari in tuƙa ku! Akwai itatuwa a ƙarƙashi!"

Na waiga. Fijo ce a bakin ruwa. Ashe Sylvester ya ga shigata mota ya ɗauko Ifeanyi. Sun hankaɗe masuncin cikin laka sun ƙwace jirginsa mai inji.

"Babu iska yau!" Sylvester ya yi dariya. "Ina za su? Bari in raba akwatin nan biyu!"

A tunaninsa zanen ne ƙafar jirginmu.

"Ada," in ji Ari, muryarsa a natse, "sauke zane. Kin tuna ƙauyen da ruwa ya cinye?"

Na tuna. Can gefen yamma akwai gonakin wani tsohon ƙauye da ruwa ya rufe, itatuwan ɗorawa na tsaye a ƙarƙashi, wasu kawunansu a waje, wasu a ɓoye. Jirginmu tafin hannu ɗaya na ruwa ya ishe shi wucewa.

Na fizge zane na danna itace cikin ruwa.

"Hagu... miƙe... dama kaɗan! Yawwa, 'yar albarka!"

Ƙarar inji na matsowa. Kafaɗuna kamar za su cire. Na ga baƙin kututture ya wuce ƙarƙashinmu, sannan wani.

"Adaeze, tsaya!" Ifeanyi ke ihu. "Sylvester, rage gudu, ƙanwata na ciki!"

Bai rage ba.

Gam!

Jirginsu ya daki kututture, ya miƙe tsaye, ya kife. Injin ya yi tari ya mutu.

Sylvester ya fara ɓullowa. Shi ɗan bakin kogi ne, ya iya iyo. Ya kalli Ifeanyi da ke dukan ruwa, jini na kwarara daga goshinsa, ya juya ya nufi gaɓa abinsa.

Ifeanyi kuwa ɗan Sabon Gari ne, ruwan da ya sani bai wuce na bokiti ba.

Hannuna ya tsaya cak. Ba zan ɓoye ba, na yi daƙiƙa guda ina kallonsa yana nutsewa, ƙarar ƙashin nan na dawo min.

"Juya, Ada!"

"Shi ya karya ka..."

"Yayanki ne! Juya!"

Na juya ina kuka. Muka cim masa kusa da wani reshe da ya leƙo sama da ruwa. Ya sha ruwa ya ƙoshi, idanunsa sun juye, ba zai iya riƙe komai ba. Ramin zama biyu ne, mu kuma uku.

Kafin in buɗe baki Ari ya zame cikin ruwa. Ya saƙale ƙafafunsa a reshen ya tallabo Ifeanyi. Hannu ɗaya ya kasa. Na ga ya cije leɓe ya sa na biyun.

"Ari, ɗorinka!"

Karan suka tarwatse. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, amma sai da ya tura Ifeanyi cikin ramin da ya tashi.

"Kama bayan jirgin in ja ka!"

"Ba zan kai ba, hasken idona... hannun ya tafi. Ɗaure ni a nan."

Na warware zanen, na zagaya shi ta ƙarƙashin hammatarsa, na ƙulle a reshe da duk ƙarfin da ya rage min. Ruwa na iya ƙirjinsa, reshen na lanƙwasa.

"Kada ka mutu. Wallahi in ka mutu ba zan yafe maka ba!"

"To yi sauri."

Ban san yadda na kai gaɓa ba. Masuncin ya ja Ifeanyi waje ya danna masa ciki har ya amayar da ruwa. Fijo kuwa tuni ta yi gaba. Babu wani jirgi a kusa, don haka na juya ni kaɗai. Tafukana sun fashe, itacen tuƙi na santsi da jini. Na roƙi Allah iska ko kaɗan, sai na tuna zanen ma yana can a jikinsa. Na ci gaba da tuƙi.

Da na hango wurin, reshen ya riga ya nutse. Farin ƙyalle kawai nake gani.

"Ari! Ariii!"

Shiru.

Sai da na matso na ga fuskarsa a ɗage, ruwa na taɓa haɓarsa, tambarin Papa a kan ƙirjinsa. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Kin gani, Ada... buhun babanki ya karɓe ni. Saura shi."

Na yi dariya ina kuka kamar mahaukaciya, na kwance shi na jawo shi cikin jirgi.

Litinin ta zo, jirgin ƙasa ya tafi babu ni. Ifeanyi da bakinsa ya faɗa wa Papa komai, bai rage ko ɗaya ba, har da ƙarfen. Da hantsi Papa ya sa rigarsa ta coci ya taka har Fagge, ni ina biye. Ya Gumsu ta tare ƙofa, ta ƙi ba mu hanya. Papa ya cire hularsa.

"Hajiya, Kano ta taɓa karɓe min ɗa. Jiya ɗanki ya dawo min da ɗaya. Ban zo da komai ba sai kunya."

Ta kalle shi. Sannan ta kamo hannuwana, ta juya tafukan, ta ga yadda suka yi.

"Shigo, 'yata, in sa miki magani."

Bayan sallar layya aka ɗaura mana aure. Hannun Ari na dama bai sake miƙewa ba. Likita ya ce karaya biyu a wuri ɗaya ta kashe jijiya. Ya koyi fiƙar katako da hagu, amma itacen tuƙi ya bar shi har abada, kuma wannan yana min ciwo duk ranar da na ga ya bi shi da kallo.

Har yanzu muna zuwa Tiga ranar Lahadi. In da iska, zanen Papa ya kai mu. In babu, ni ce.

Ifeanyi bai taɓa cewa Ari ya yafe masa ba, bakinsa ba zai iya ba. Amma duk Lahadi sai mu tarar da shi a ƙofar gidanmu tun da safe. Shi ke ɗaukar jirgin a ka, daga titi har bakin ruwa. Ba ya shiga, ba ya magana. Zama yake a kan dutse yana kallonmu, kuma ba ya tashi sai ya ga mun dawo.