Audugar Bakin Hanci

Ranar da sabon babur ya kayar da Mamuda a hanyar Roni, cikin 1975, kafaɗarsa ta goce. A asibiti likita ya yi masa allurar barci don ya mayar da ita. Mairo, ma'aikaciyar jinya, ta manna masa ɗan silin auduga a bakin hanci, ta zauna tana kallo. Muddin audugar na motsi, yana numfashi.

Da ya farka, idanunta ya fara gani.

"Malama, lafiya kike kallona haka?"

"Ba kai nake kallo ba, audugar ce," ta ce, ta sunkuyar da kai.

Bayan mako biyu wasiƙarsa ta iso: "Mai Auduga, kafaɗa ta warke. Amma tun da kika daina gadina, numfashina bai koma daidai ba."

Ta amsa: "Sarkin gudu, rage wuta a babur. Sauran maganin sai ka zo gida."

Sai dai da Mamuda ya kai maganar aure, mahaifinsa, Malam Muhammadu Lawal na Gwiwa, ya ƙi. "Yarinyar da ke wuni tana taɓa mazan mutane ba za ta shigo gidana ba."

Da damina san noma ya ture Malam, ƙugunsa ya goce. Ƙaninsa Sama'ilu ya kawo shi asibiti, Mairo na bakin aiki. Kunya ta rufe ta. Mutumin da ko sunansa ba ta iya faɗa, yau fuskarsa za ta zuba wa ido.

"Mairo, numfashi a hannunki yake," in ji likita. Aka yi masa allurar barci, ta manna masa auduga a bakin hanci.

Ana cikin jan ƙafar, audugar ta tsaya cak.

"Likita, dakata!"

Ta kama haɓar dattijon har da gemun, ta ɗaga sama. Harshen da ya toshe masa maƙogwaro ya saki, audugar ta motsa. Ba ta cire hannu ba har ya farka.

"Wa ya riƙe min gemu?"

"Wadda ka ce ba za ta shigo gidanka ba, Yaya," in ji Sama'ilu. "Da ta tsaya jin kunyarka, da yanzu likkafani muke nema."

Malam ya dubi Mairo. "Saki haka nan, 'yata. Kin gaji."

Da kaka aka ɗaura aure a Kazaure. Malam ya aiko wa amarya kwando guda na audugar gonarsa, tare da saƙo: "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku tsawon numfashi tare."