Ungozoma da Ƙararrawa a Cikin Hayaƙi

An yi wani birni da motoci suka yi wa yawa, har hayaƙinsu ya kori tsuntsaye. A birnin akwai wata ungozoma mai keke. Da dariyar mutane ta ishe ta, sai ta ɓoye shi a bayan ɗaki.

Wata rana da azahar hayaƙin ya sauko ya rufe rana. Motoci suka cushe a titi suka mutu, gari ya yi tsit. Sai ga wani magidanci a ƙofar gidan ungozomar yana tari.

"Inna, matata na naƙuda a ƙetaren gada, kuma ba motar da ke motsi."

Ta jawo keken ta hau. Ba ta ganin komai sai fuskoki a bayan gilasan motoci, suna bin ta da ido. Amma ba ta juya ba. Ta kaɗa ƙararrawa, ta taka. Ta kaɗa ƙararrawa, ta taka. Can cikin duhun wata ƙararrawar ta amsa mata, ta bi sautin har gada.

Ta karɓi haihuwa lafiya. Daga ranar kekuna suka yawaita a birnin. Har ta tsufa tana cigiyar wanda ya amsa mata, ba wanda ya ce shi ne.