Shaidar Barde Shu'ibu

A shekarun da yaƙi ya hana Haɗeja sakat, Barde Shu'ibu ne ke riƙe da sansanin mashigin gulbi. Wata Laraba da almuru, dakaru na ɗaure dawaki, matarsa Saude na tuƙa tuwo, sai wani abu ya faɗo tsakar gida, tim. Curin laka ne, jiƙe sharaf, yana ƙarnin kifi. Aka leƙa bayan danga, ba kowa.

Kwana bakwai ana wannan jifa. Ran na takwas 'yarsu Ma'u ta sauke tulu, ta sandare, ta buɗe baki da muryar ƙato: "Barde, ku jira ni!"

Shu'ibu ya san kiran. Wata uku baya mahara sun koro su har bakin ruwa. Gana mai fito ya haye da su, ya koma ɗauko makaman da aka bari. Da Shu'ibu ya hango ƙurar dawaki sai tsoro ya kama shi, ya janye maharban da ke kare Gana, ya bar shi yana wannan kiran. Da aka tambaye shi, ya ce Gana ya bi abokan gaba. Tun daga ranar ba mai amsa gaisuwar Yakaka, uwar Gana.

Aka kirawo Goni Fannami. Ya turara hayaƙi, ya daɗe yana karatu, har yarinyar ta fara gurnani.

"Wane ne kai?" in ji Goni.

"Na gurbin mashigi. Tun kakan Gana muke tare da gidansu. Ni na tsare gawarsa daga kadoji."

"Me kake nema?"

"Yarinyar. Ɗa a madadin ɗa."

"Ba ita ta yi maka laifi ba. Ka ji tsoron Allah."

Saude ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai.

"To, ya faɗa da bakinsa," in ji aljanin. "Gaban dakarunsa, gaban tsohuwar."

"Na ɗauka," Shu'ibu ya ce, da ƙyar.

Ma'u ta yi atishawa uku, ta sulale jikin uwarta.

Da hantsi ya tara dakaru ya faɗi komai, ya kwance takobinsa ya miƙa wa na ƙasa da shi. Sannan ya taka har bukkar Yakaka. Ya tarar tana shanya kifi, ya durƙusa, ya sake faɗa daga farko.

Ba ta yi kuka ba. Ta goge hannu a zane.

"Ni na haife shi, na san bai gudu ba. Tashi ka nuna mini wurin."

"Iya, babu mai fito."

Ta shiga ɗaki, ta fito da filafilin tuƙa jirgin ɗanta, ta ajiye a gabansa.