Uwar Takarda

"Mama, wai ke kika haife ni, ko Goggo Fulera?"

Khairiya na durƙushe gaban murhu tana kwashe ƙosai. Hannunta ya tsaya, mai na ɗiga daga matsami.

"Wa ya gaya miki wannan magana, Azara?"

"Madam ce, malamarmu a lakwal. Ta ce kowa ya faɗi sunan uwarsa, na ce Khairiya. Ta duba takarda ta ce ƙarya nake, wai Fulera ce. Yara suka yi ta dariya."

Ƙosan da ke kasko ya ƙone. Khairiya na kallonsa yana baƙi, ta kasa ɗaga hannu.

"Je ki cire kayan lakwal," ta ce.

Ba abin da ba ta sani ba ne. Duk unguwar Komah an sani, kuma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Mijinta Zaidu direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ɗan Dapaong, yana sauko da albasa da tumatir zuwa Sokodé. A ƙofar shagon atamfar mahaifinta ya fara ganinta, ya shiga ya sayi turmi alhali ba shi da macen da zai ba. Alhaji, mahaifin nata, ya ƙi shi tun farko. Ya ce direba ba shi da gida sai hanya, kuma dangin arewa ba a san inda maganarsu take ƙarewa ba. Khairiya ta yi kuka, ta ƙi abinci, har iyaye mata suka sa baki. A masallacin unguwa aka ɗaura aure, aka raba goro, ba wanda ya tuna da zuwa meri, ofishin magajin gari, a sa hannu.

Ran da ta haihu a ɗaki, Zaidu na kan hanya. Yayansa Issa, ma'aikacin gwamnati a Sokodé, shi ya karɓi zuwa rubuta jaririyar. Ya dawo yana murmushi, ya ce ya rubuta ta da sunansa da na matarsa Fulera, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ɗan ma'aikaci yana da kuɗin iyali, yana da sauƙin asibiti. Kowa haka yake yi. Khairiya na kwance jego, ta ce Allah ya saka da alheri.

Da la'asar Zaidu ya shigo da ƙullin wagashi, cukun Fulani, a hannu.

"Sherina, masoyiyata, zo ki ga abin da na tsinto miki a Langabou."

Ba ta tashi ba. Ta maimaita masa maganar yarinyar, kalma bayan kalma.

Ya yi dariya, ya zauna kusa da ita.

"Haba Khairi na... takarda ce ta yi naƙuda? Dubi hancin nan nata, wa zai ce ba naki ba ne?"

"Hanci ba ya magana a ofis, Zaidu."

"Yaya ne fa. Shi ya raine ni da Baba ya rasu, shi ya kai ni koyon tuƙi."

"Ban ce ba shi ba ne. Sunana nake so a takardar 'yata."

Ya kama hannunta, ya ɗora a ƙirjinsa.

"Na rantse miki, in na dawo daga wannan lodin za mu je kotu a gyara. Har meri za mu je, ki sa farar riga kamar matan Lome, in sa miki zobe."

Ta yi murmushi duk da ba ta so. Haka yake da ita kullum.

Kafin ya dawo aka shiga wani dogon yajin aiki na gama-gari. Kotu ta rufe, meri ta rufe, lakwal ta rufe. Matasa na ƙona taya a mararraba, sojoji na sintiri, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Issa bai shiga yajin ba, sai aka fara jifar rufin gidansa. Ba a daɗe ba ya samu aka mai da shi aiki Dapaong.

Fulera ta zo sallama da kwanon alawa. Ta ɗora Azara a cinya tana gyara mata kitso.

"Ƙanwata, ba ni aron ta mana. Can gari lafiya lau, yara na karatu. In ƙura ta lafa na dawo miki da ita."

"Yaya Fulera, ko harbi ake a tsakar gidan nan, a bayana za ta kwana."

Fulera ba ta yi musu ba. Murmushi kawai ta yi, ta ci gaba da kitson.

Washegari Khairiya ta je kasuwa neman wake. Ta dawo ta tarar da takalmin Azara ɗaya a bakin randa, akwatinta babu. Maƙwabciya ta ce ai Zaidu ne da kansa ya ɗauke ta a gaban mota, da kayan Issa a baya.

Ba ta yi kuka ba. Ta jiƙa waken, ta surfe, ta kai niƙa. Tana jin mutane na mata magana kamar daga cikin rijiya.

Da Zaidu ya dawo bai iya haɗa ido da ita ba.

"Sheri... Inna ce ta aiko, Yaya kuma ya roƙe ni. Ya zan ce masa a'a? Ɗan lokaci ne."

"Ta yi kuka?"

"Kaɗan... har Mango."

"Ta ci abinci?"

"Na saya mata burodi."

"To."

"Ki zage ni mana, Khairi. Ki ce wani abu."

"Ruwan wankanka na bayi."

Ta jira damina ta kusa, ta sayar da 'yan kunnenta na aure, ta shiga motar arewa ba tare da ta gaya wa kowa ba. A Dapaong ta tambayi lakwal ɗin unguwar su Issa, ta tsaya ƙarƙashin mangwaro har aka tashi. Azara ta hango ta, ta zubar da allonta, ta rugo.

"Mama!"

Yarinyar ta yi ƙiba. An huda mata kunne na biyu. Khairiya ta duba kanta, ta duba faratanta, ta ɗaura ta a baya duk da ta wuce goyo, ta nufi tasha.

A shingen fita gari jandarmomi suka sauke kowa. Ɗaya ya karɓi katinta, ya nuna yarinyar.

"Takardarta?"

"'Yata ce."

"Ban tambaye ki ba. Takarda."

Suna cikin haka Issa ya iso a babur, takardar a aljihun gaba. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa, jandarman ya karanta, ya dubi katin Khairiya, ya sake duban takardar.

"Madam, kin san sunan abin da kika yi? Satar yaro."

"Ku bar ta," in ji Issa. "Matar ƙanena ce, tana da ɗan taɓin damuwa."

Aka kwance goyon daga bayanta. Azara na ihu tana riƙe da bakin zaninta, har zanin ya kusa kwancewa. Khairiya ta tsaya tana kallon babur ɗin. Bayanta inda yarinyar ta kwanta ya yi gumi, iska na busa shi.

A nan Zaidu, da ya biyo sawunta, ya same ta, zaune kan dutse a bakin titi. Ya durƙusa gabanta, jama'a na kallo.

"Na cuce ki, hasken idona. Wallahi na cuce ki. Ki kai ƙara, ni zan tsaya gaban alƙali in faɗi gaskiya."

"Ka san in ka faɗa za su kori Yaya daga aiki? Watakila su ɗaure shi, su haɗa da kai."

"Su ɗaure. Ke da Azara kun fi mini kowa."

Ta dube shi. A karo na farko cikin watanni wani abu ya motsa a ƙirjinta. Ta share masa hawaye da bakin mayafi.

Bayan an janye yajin aka sa musu rana a kotun Dapaong. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ta gudu Gana tun farkon rikici. Maƙwabtan Komah suka ce ba sa shiga kotu da mutumin gwamnati a wannan zamani. Alhaji ya aiko da cewa ai ya faɗa tun farko. Shaida ɗaya ya rage mata: Zaidu.

A barandar kotu Inna, tsohuwar su Zaidu, ta zauna kan tabarma da carbi. Da ya zo wucewa ta kama ƙafar wandonsa.

"Auta, in bakinka ya ɗaure yayanka, ban yafe maka nonona ba."

Khairiya ta ji. Ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka.

Alƙali ya tambaye ta takardar aure. Ta ce a masallaci aka ɗaura. Ya rubuta wani abu, ya ce a kira Zaidu.

"Yarinyar nan, 'yar wa ce?"

Zaidu ya dubi Khairiya. Ya dubi Issa, wanda ke zaune da hula a gwiwa, furfura ta fito masa a gemu. Tafintan kotu ya maimaita masa tambayar da Hausa.

"'Yar..." Ya sunkuyar da kai. "'Yar yayana ce. Mu riƙo aka ba mu."

Fankar sama na juyawa tana ƙara. Khairiya ta lura ɗaya daga fikafikanta a lanƙwashe yake. Shi ta yi ta kallo har aka ce a tashi.

A waje ya biyo ta yana kuka kamar yaro.

"Khairi... Sherina... ki tsine mini. In takardar saki kike so, yanzu zan rubuta."

Ta tsaya ta yi lissafinta, kamar yadda take auna wake. In ya sake ta, ta koma Sokodé, ita ba kowa ba ce a ƙofar gidan Issa. In tana nan, matar ƙanen uba ce, ba mai hana ta shiga.

"Ba na son saki."

Ya ɗago, fuskarsa ta yi haske.

"Kin yafe mini?"

"Nemo mana ɗaki kusa da lakwal ɗinta."

Haka aka yi. Dangi suka ce Alhamdu lillahi, an shirya, Khairiya mai haƙuri ce. Tana dafa masa, tana wanke masa, in ya ce Sherina ta ce na'am. Ya kawo turare, ya kawo atamfa, ta yi godiya ta sa a akwati. Ya sani, ita ma ta san ya sani.

Ta kafa kaskonta a ƙofar lakwal. Kowace safiya Fulera na rako Azara, ta miƙa kuɗin ƙosai, Khairiya ta karɓa, ta ƙara wa yarinyar biyu a kai. Tana duba ko ta yi wanka, ko tarin da take yi ya tafi. Ba ta da iko ta ce a canja mata magani, sai dai ta roƙa.

Da ta sake haihuwa, namiji, ba ta jira suna ba. Jiki bai warke ba ta ɗaura ɗankwali, ta rungume shi, ta taka da ƙafa har meri. Ta tsaya a kan magatakarda yana rubutu, ta sa ya karanta mata sunan uwa sau biyu.

Ke da kike karanta wannan, ko mijinki yana sonki kamar ransa, ko danginsa sun ɗauke ki kamar 'yar cikinsu, kada ki bar kowa ya je ofis a madadinki ranar da za a rubuta ɗanki. In ba ki iya tafiya a ɗauke ki. In ba ki iya karatu a karanta miki. Alƙali bai ga naƙudarki ba, kuma ba zai tambaya ba.